2.3 Yadda Hotunan Flickr Suka Shiga Wikipedia

Tun daga lokacin da aka kafa Wikipedia a watan Janairun 2001, babbar matsalar da marubutanta suka ci karo da ita dangane da hotuna ita ce haƙƙin mallaka. A doka, hoto na wanda ya ɗauke shi ne, kuma ba a amfani da shi sai da izninsa. Wannan ya sa maƙaloli da dama suka zauna babu hoto.

Abubuwa uku ne suka kawo sauyi. Na farko, a Disambar 2002 ƙungiyar Creative Commons ta fito da lasisin da ke ba mai hoto damar yarda wa kowa ya yi amfani da aikinsa, muddin an ambaci sunansa. Na biyu, a Fabrairun 2004 aka buɗe Flickr a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, inda masu ɗaukar hoto suke ɗora hotunansu tare da zaɓen lasisin da suke so. Na uku, a Satumbar wannan shekara aka kafa Wikimedia Commons, rumbun da kowace Wikipedia, har da ta Hausa, take ɗebo hotuna daga cikinsa.

Sai dai ba kowane hoton Flickr ne rumbun yake karɓa ba. Duk hoton da mai shi ya hana a yi kasuwanci da shi ko a sauya masa fasali, ba ya shiga. Haka kuma, mai hoto yana iya canja lasisi a Flickr bayan an kwafe hotonsa, alhali lasisin da aka riga aka bayar ba ya janyuwa. Saboda haka aka ƙirƙiro manhajar FlickreviewR, wadda ke duba lasisin hoto bayan an ɗauko shi, ta ajiye shaida.

Amfanin wannan tsari ya fito fili daga baya. A Nuwambar 2016 kamfanin Google ya rufe Panoramio, wani dandalin hotuna irin Flickr, amma hotunansa da aka kwafa zuwa Commons sun tsira. A 2018 kuma kamfanin SmugMug ya sayi Flickr, ya taƙaita asusun kyauta zuwa hotuna 1,000, ko da yake ya keɓe hotunan da ke ɗauke da lasisin Creative Commons daga sharewa.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa lasisi da shaidarsa su ne ginshiƙin wannan alaƙa, domin su ne suke sa hoto ya ci gaba da amfani ko da dandalin da ya fito daga cikinsa ya rufe.