Daga gafakar malam zuwa rokar Ariyan

Duk wanda ya taɓa leƙa gafakar tsohon malami a Tanut ko Balbeji ya san littattafan rubutun hannu ba a ɗinke suke ba, fallaye ne ɗaiɗai. Amma a ƙasan falle marubuci yakan sa kalmar farko ta fallen da ke biye, ko iska ta watsa su almajiri zai sake jerawa. A gefe kuma ga sharhi da ƙananan baƙaƙe, wani da Larabci wani da ajami, dab da kalmar da ake wa bayani.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun sha wuya kafin su kama wannan hanya. A 1968 aka yi taro a Garmish ta Jamus saboda manyan ayyukan manhaja suna ta rushewa. Al'adar da ta yi ƙarfi daga nan ita ce a fara rubuta kundin tsari, a faɗi abin da za a gina da dalili, sannan a rubuta kod, wato umarnin da na'ura ke bi. To, sai takardun biyu su raba gari. Kod yana canzawa kullum, kundi yana kwance a kabad yana shan ƙura.

Ranar 4 ga Yuni 1996 aka ga illar haka. Rokar Turai, Ariyan 5, ta tashi daga Kuru a Giyanar Faransa, cikin daƙiƙa 40 ko ƙasa ta tarwatse. An ɗauko mata kod ne daga Ariyan 4. A ciki akwai inda ake matsa lamba mai bit 64 cikin gurbi mai bit 16, kamar ka juye tulu cikin moɗa. Injiniyoyin farko ba sakarkaru ba ne fa. Sun duba wurare 7 masu irin wannan haɗari, suka tsare 4, suka bar 3, don sun tabbatar a tsohuwar rokar lambar ba za ta taɓa cika gurbin ba. Sabuwar kuwa ta fi gudu. Kwamitin bincike na Jacques-Louis Lions ya gano babu ko alama a cikin kod ɗin da ke nuna dalilin wannan shawara. Dalilin na nan, amma tulin takardu ya binne shi.

Abin mamaki, tun 1984 Donald Knuth na jami'ar Stanford ya kawo magani. A tsarinsa mai suna WEB, bayani da kod a fayil guda suke, wata manhaja ta tsamo na na'ura, wata ta tsamo na mutum. Kaɗan ne suka bi shi, aikin akwai cin rai. Javadoc a 1995 da Doxygen a 1997 suka sauƙaƙa: ka yi sharhi a kan kod, su mayar da shi shafuka masu mahaɗa. Sai dai a ganina sun fi gaya maka me kod yake yi, ba me ya sa ba. A 2011 Michael Nygard ya ce kowace babbar shawara a rubuta ta a gajeriyar takarda mai lamba, a ajiye ta ma'aji ɗaya da kod.

Mu dawo Damargu. A ce ka rubuta wa bankin hatsin ƙauyenku manhaja, ka sa tiyar gero kilo 2 da rabi. Ka gama karatu ka tafi Damagaram, ƙanenka ya gaji aikin, ya kai shi wata kasuwa mai babban mudu, ko ya shiga auna wake da shi. Lissafi zai fito tsaf, buhuna kuwa su ƙi cika. Da a gefen lambar ka rubuta "duba shawara ta 3", ita kuma ta faɗi kasuwar da ka auna da irin hatsin, da a ranar farko zai gyara.