Tarihin Majami'ar Wusasa

Wusasa wani ɗan gari ne a bayan ganuwar birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena. A nan a ke samun majami'ar Waliyyi Bartalamawas, wadda ta ke cikin tsofaffin majami'un ƙasar Hausa.

Asalinta kuwa, a cikin 1900 waɗansu Turawan Mishan su ka iso Kano, a cikinsu har da Likita Mila. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai su ka koma Girku. A cikin 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Likita Mila ya sami wuri a cikin birnin Zariya, ya na ba da magani, ya na koyar da yara boko. Da a ka ga zaman Mishan a tsakiyar birnin Musulmi ya na jawo magana, sai a cikin 1929, zamanin Sarki Ibrahim, su ka tashi su ka koma Wusasa, su ka kafa makaranta da asibiti da wannan majami'a.

Abin lura shi ne, ba a yi ta da fasalin ginin Ingila ba. Maginan ƙasar ne su ka ɗora ta da tubali da jar ƙasa, su ka ɗaura mata bakan gizo, irin ɗaurin da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya yi wa Masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarki Abdulkarim. Kaurin bango ya kan hana zafi shiga, bakan gizo kuwa ya ɗauke nauyin rufi, har ɗaki ya yi faɗi.

Manyan mutane sun tashi a gindinta, kamar Likita Dikko, likita na farko a 'yan Arewa, da Janar Yakubu Gawan, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Amma ginin ƙasa ba shi da maƙiyi kamar damina. In an bar yaɓe, ruwa ya ci shi. Ga shi kuwa siminti ya sa magina na gado sun yi ƙaranci. Saboda haka tsare wannan gini ya shafi Musulmi da Kirista baki ɗaya, don aikin hannun kakanninsu ne. In ya rushe, samun mai mayar da shi sai an tona.