Kukan boris a hanyar Kazaure: yadda sunan kwali ya daina zama shaida

Boris ɗin taya yakan yi gargaɗi kafin ya mutu. Yana farawa da gurnani kaɗan-kaɗan in mota ta ɗauki gudu, in ka karya sitiyari dama ƙarar ta ƙaru, to na hagu ne, don nauyin motar can ya koma. Kowane yaron gareji a Kazaure ya san wannan. Abin da ke raba kan makanikai da direbobi a yau shi ne tambayar da ke biyo baya: wanne za a saka? Mu da muka daɗe a sana'ar mun riski lokacin da babu wannan tambayar sam.

Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, lokacin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano, don sai a 1991 aka yanke Jigawa. A wancan lokaci hanyar Kano zuwa Daura ta Fijo ce: 504 doguwa tana jigilar fasinja, a-kori-kura 404 tana bin kasuwannin ƙauye da buhuna. In boris ya ci, direba ya ba yaron mota tsohon a ƙunshe cikin tsumma ya tafi Kano, ya dawo da sabo a kwalin Faransa, sau da yawa na SNR, wanda ake ƙerawa a garin Annecy. Naira ta fi dala daraja a lokacin, saboda haka babu ribar da mai jabu zai ci. Maigidan da ya koya mana aiki lamba kawai yake dubawa a jikin ƙarfen. In lamba ta yi daidai, magana ta ƙare.

A kan Landiroba da manyan motoci muka koyi ainihin aikin. Boris ɗinsu mai siffar mazurari ne, irin wanda Henry Timken ya ƙirƙiro a Amurka a 1898, guda biyu suna fuskantar juna a cikin hob. Ana kwance shi, a wanke da kananzir, a ɗaga shi ga rana a duba ko ƙarfen ya yi tabo ko ya sauya launi saboda zafi. In lafiya lau yake, a cusa masa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a mayar. Sai ɗaurin noti, wanda a nan ake gane gwani: a ɗaure ana juya taya har boris ya zauna, a ɗan sassauto, a kulle. In ya yi tsauri zai ɗau zafi tun kafin a kai Ɗambatta, in ya yi sako-sako taya za ta riƙa kaɗawa ta cinye shi. Boris ɗaya yakan yi shekaru a hannun direban da ke kawo mota a sabunta giris bayan damina. A ganina rabin ingancin da muke yabon kayan da can da shi, wannan kulawar ce.

Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 ne ya juya komai. Cikin shekara guda dala ta tashi daga kusan naira ɗaya zuwa wajen naira huɗu, kuma ba ta sake saukowa ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa, orijinal ya fi ƙarfin direba. 'Yan kasuwar Nnewi suka buɗe hanyar Taiwan, suna kai samfuri a ƙero musu kwatankwacinsa a farashi mai sauƙi. Ana yawan zaginsu, amma ba don su ba da rabin motocin hayar ƙasar nan sun kwanta a kan duwatsu, kuma mafi yawan masu shagunan da muka yi hulɗa da su ba sa ɓoye maka. Za su ajiye kwali biyu a kan kanta su ce, "Oga, wannan orijinal, wannan Taiwan." Kowa ya san abin da ya saya.

Daga nan motocin Kwatano suka cika tasha: Golf, Carina, Hiace, J5. Da su muka saba da sunayen Japan, Koyo da NSK da NTN da Nachi, da na Turai, wato FAG na Jamus da SKF na Suwidin, wanda ke wannan sana'a tun 1907. Da su kuma kayan Beljiyam suka shigo, Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta zama maƙwabciyar kowane gareji a masarautar Kazaure.

Waɗannan motocin sun sauya aikin hannunmu. Boris ɗin gaban Golf guda ɗaya ne mai layi biyu, a rufe yake da giris ɗinsa daga masana'anta, ba a wanke shi, ba a saita shi. Da injin dannawa ake shigar da shi, a danna ta zoben waje. Garejin da ba shi da injin sai ya ɗauki guduma da guntun bututu, kowane bugu kuma yana barin ɗan lotsi inda ƙwallayen ke gudu. Mota za ta fita shiru, bayan 'yan makonni ta dawo da gurnani, direba ya tsine wa mai shago, mai shago ya tsine wa kamfani. Na ga sabon orijinal da aka kashe a haka tun bai taɓa kwalta ba. Shi ya sa direbobi da yawa suka fi son su sayi ƙafar Beljiyam sukutum, da hob da boris a haɗe yadda masana'anta ta ɗaura. Wannan dabara ce mai kyau muddin an juya shi da hannu an ji ba ya karta. Amma boris ɗin Beljiyam da aka fitar daga mazauninsa da guduma aka wanke aka jera a tebur, ban yarda a sa shi a motar da ke ɗaukar mutane ba.

Bayan shekarar 2000 kayan Caina suka maye gurbin na Taiwan, a nan kuma ya kamata a yi adalci. Caina tana ƙera boris mai kyau, manyan kamfanonin nan da kansu suna da masana'antu a can. Ɓarnar ta masu buga sunan wani ce a kan kayan da ba nasa ba. Da, jabu yakan tona kansa: rubutun kwali ya dushe, harafi ya karkace, ƙarfen ya yi rashin nauyi, giris ɗin ciki kamar ruwan koko. Yanzu kwalin jabu yakan fi na gaske sheƙi, lambar jikin ƙarfe an zana ta tsaf. Har ta kai SKF ya fitar da manhajar waya da ake tura hoton kaya a tantance. Direban Gwiwa da motarsa ke kan jak ranar kasuwa ba zai jira amsa daga Turai ba. In ka ce masa Koyo ne, abin da ka gaya masa kawai shi ne abin da aka rubuta.

Ƙasarmu kuma ba ta yi wa jabu sassauci. Ta wajen Babura, a hanyar Kunya zuwa Babban Mutum da rassan da ke shiga ƙauyuka, rairayi ne, kuma da zarar robar da ke rufe boris ta saki, yashi ya gauraya da giris ya riƙa goge ƙarfe. Ta wajen Roni duwatsu ne da burji, bugu ne ke fasa shi. Da damina a tsallaka kwari da hob mai zafi, ya huce nan take ya zuƙi ruwa. Ga lodi: Golf ɗin da aka ƙera don mutum biyar tana ɗauke da ninkin haka, da buhun gero a but. A irin wannan aiki robar rufin ce ke fara bambanta na gaske da jabu, don a nan mai jabu ya fi rage kuɗi, ya san mai saye ƙarfe yake dubawa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, tambayar da direba ke yi ta sauya. Ba ya cewa wanne ya fi. Cewa yake, "Maigida, sa min na lallaɓawa, in an yi girbi ma canza." Ba na ganin laifinsa, na san abin da ke shiga aljihunsa bayan ya sha mai ya biya kuɗin tasha. Abin da nake gaya masa shi ne, in kuɗinsa bai kai na orijinal ba, gara ya ɗauki ɗan Caina mai ɗauke da sunan kansa, wanda muka saka a motoci muka ga iya nisan da yake kaiwa, da ya ɗauki kwali mai babban suna a rabin farashi. In kuwa orijinal yake so, to daga shagon da ya yarda a dawo masa da kaya in sun yi kuka za a saya, ko da kuɗin ya ɗara na maƙwabcinsa. Taya ta gaba a motar fasinja kuwa ba na sa mata na lallaɓawa ko an roƙe ni, don in boris ya kama ko hob ya fita a kan gudu, babu birkin da zai ceci motar.

Sababbin motocin da ke shigowa yanzu boris da hob ɗinsu abu ɗaya ne, ana ɗaure shi da kusoshi, a cikinsa har da zoben da na'urar birki ke karantawa. Ya rage ɓarnar guduma, amma kuɗinsa ya ninka, kuma jabunsa yakan kunna fitilar birki a gaban direba tun ranar da aka saka shi. Yaran da ke koyo a hannunmu sun iya musanya shi cikin ɗan lokaci. Duk da haka, duk sanda Kanta ko tsohuwar Hiace ta shigo gareji, nakan tara su a kanta su kwance, su wanke, su cusa giris, su saita noti da kansu, saboda motocin da ke kai gero da dabbobi kasuwannin Roni da Babura har yanzu irin wannan boris ɗin ne a ƙafarsu.