Toshe hanyar ruwan inji: inda yake da amfani da inda yake kashe mota

A garejin makanikai na Rano da Kibiya, idan tiyon hitar mota ya fashe, bakanike kan cusa tsohon filogi a bakinsa ya ɗaure tam. Ba kasafai wannan ke cutar da inji ba.

Haɗarin yana wajen cire tamostat, na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗau zafi. A motoci da dama, ita ce kuma ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya huce ba. Idan aka cire ta ba a toshe wannan rami ba, ruwan zafi ne zai yi ta kewayawa.

Injin Wankel mai juyawa, irin na Mazda RX-7 da RX-8 wadda aka daina ƙerawa a 2012, shi ya fi rashin haƙuri da wannan kuskure. Zoben roba ne ke raba ruwa da ɗakin ƙonewa, kuma zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lalata shi, sai an sauke injin gaba ɗaya.