Daga Rumbu Zuwa Gindin Ƙoƙon Kai

A Bena, cikin ƙasar Zuru, manomi ya san ba kowace ƙasa ke karɓar kowane iri ba. Da wannan hikimar ce likitan Ingila Stephen Paget ya bayyana yaɗuwar ciwon daji a 1889, bayan ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe: ƙwayar cutar iri ce, gaɓar da ta sauka a kai kuma ƙasa.

Sankarar hanta ta fi sauka a huhu, sai ƙashi, musamman na baya da haƙarƙari. Da wuya ta kai gindin ƙoƙon kai, inda jijiyoyin ido da fuska da maƙogwaro suke fitowa daga ƙwaƙwalwa. In ta kai can, mutum kan riƙa ganin abu biyu-biyu, ko gefen fuskarsa ya sage, ko haɗiya ta gagare shi. Wani lokaci wannan ce alamar farko, sai a yi ta maganin ido ko na iska, alhali tushen yana cikin hanta.

A 1940 Oscar Batson na Amurka ya nuna wata hanya: jijiyoyin jini da ke kewaye da ƙashin baya ba su da ƙyauren da ke hana jini komawa, don haka tari ko yunƙuri na iya tura shi sama har ƙoƙon kai.

Tushen cutar kuwa ya fito fili daga baya. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin tunkuzar gyaɗar Brazil. Aka gano gubar afulatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. A 1965 Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Idan biyun suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin sankara yakan ninka sau da yawa.

Wannan tarihi ya shafi garin da ke rayuwa a kan hatsi. Tun 2004 allurar rigakafin nau'in B ta shiga cikin na jarirai a Nijeriya, kuma an fi so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Sauran aikin yana wurin shanya: hatsi ya bushe sarai kafin a zuba shi a rumbu.