Hello Afrika: kundin waƙoƙin farko na Dr. Alban

Hello Afrika shi ne kundin waƙoƙi na farko da mawaƙin ƙasar Suwidin ɗan asalin Najeriya, Dr. Alban, ya fitar. Kundin ya fito a shekarar 1990 a ƙarƙashin kamfanin SweMix da ke birnin Stockholm, kuma an ƙiyasta cewa an sayar da kwafi kusan miliyan ɗaya a faɗin duniya.

Mawaƙin

Sunansa na yanka Alban Uzoma Nwapa. An haife shi a shekarar 1957 a garin Oguta da ke jihar Imo ta yanzu, a kudu maso gabashin Najeriya. Karatun likitan haƙori ne ya kai shi Suwidin. Domin ya samu abin biyan buƙata a lokacin karatu, sai ya riƙa aikin sanya faifai da dare a wani gidan rawa na Stockholm mai suna Alphabet Street. A can ne aka san shi da ɗora muryarsa a kan kiɗan da yake sanyawa. Ya kammala karatu har ya fara duba marasa lafiya, saboda haka laƙabin "Dr." da ke gaban sunansa ba na ado ba ne.

Yadda aka haɗa kundin

Wanda ya tsara kiɗan shi ne Dag Volle, da aka fi sani da Denniz PoP, ɗaya daga cikin masu sanya faifai da suka kafa SweMix. Sun haɗa salon rege na ƙasar Jamaika da kiɗan gidajen rawa na Turai da gangunan Afirka, waƙoƙin kuma da Turanci aka rera su. A waƙar da kundin ya ci sunanta, Dr. Alban ya yi aiki da Leila K, mawaƙiyar Suwidin 'yar asalin Maroko.

Abin da ya bambanta kundin da sauran kiɗan rawa na lokacin shi ne saƙonsa. Waƙar "Hello Afrika" gaisuwa ce ga nahiyar da ya baro, "No Coke" gargaɗi ce kan miyagun ƙwayoyi, akwai kuma wadda ta taɓo gurɓatar muhalli.

Karɓuwa a kasuwa

Waƙar "No Coke" ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Suwidin. Daga nan kundin ya tsallaka zuwa ƙasashen da ke magana da Jamusanci, inda "Hello Afrika" ta zama ta ɗaya a Ostiriya a 1991, ta kuma samu kasuwa sosai a Jamus. Ga mawaƙin da ya fito daga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan tara ba a lokacin, cinikin ƙasashen waje shi ne ya kai kundin inda ya kai.

Abin da ya biyo baya

Nasarar ta sa Dr. Alban ya mayar da hankali kacokan kan waƙa. Kundinsa na biyu, One Love, ya fito a 1992, kuma waƙar "It's My Life" da ke ciki ta zama ta ɗaya a Jamus, ta biyu a Birtaniya.

Shi ma Denniz PoP daga wannan kundi ne sunansa ya fara fita waje. Ya yi aiki da ƙungiyar Ace of Base, ya kuma kafa ɗakin naɗar waƙoƙi na Cheiron, inda Max Martin ya samu horo, inda kuma mawaƙan Amurka irin su Backstreet Boys da Britney Spears suka je naɗar waƙoƙinsu. Denniz PoP ya rasu a 1998 sakamakon cutar daji.