Yadda ake auna ingancin bayanin kayan aiki na wakilan ƙirƙirarriyar basira

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun wuce matakin amsa tambaya kaɗai. A yau akwai waɗanda ake kira wakilai, masu iya aika saƙo, binciko takarda a rumbun bayanai ko tura buƙatar biyan kuɗi a madadin mutum. Suna yin haka ne ta hanyar ƙananan manhajojin da ake haɗa su da su, waɗanda ake kira kayan aiki.

Mene ne bayanin kayan aiki?

Wakilin ba ya ganin yadda aka gina kayan aiki daga ciki. Abubuwa uku ake nuna masa: sunan kayan, gajeren rubutu da ke bayyana aikinsa, da jerin bayanan da yake karɓa, wanda galibi ake tsarawa da ƙa'idar JSON Schema. Da waɗannan yake yanke shawarar kayan da zai ɗauka da abin da zai shigar.

Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu gina manhaja wannan tsari a watan Yunin 2023. A Nuwamban 2024, Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP domin daidaita yadda ake haɗa wakilai da kayan aiki, OpenAI kuma ya rungume ta a Maris ɗin 2025.

Abin da ake dubawa

Ma'auni na farko shi ne ko bayanin ya faɗi aikin kayan da lokacin da ya dace a yi amfani da shi, har da lokacin da bai dace ba. Idan kayan aiki biyu suka yi kama, misali ɗaya na neman takardu ɗaya kuma na neman saƙonni, dole rubutun ya raba su, in ba haka ba wakilin zai riƙa zaɓa bisa zato.

Na biyu shi ne fayyace ma'aunin kowane bayani da ake shigarwa. Tsarin biyan kuɗi na Paystack yana karɓar adadin kuɗin Najeriya ne a kwabo. Idan mai rubuta bayanin bai ambaci haka ba, wakilin da aka umarta ya karɓi naira 5,000 zai iya rubuta 5000, wato naira 50 kacal.

Na uku shi ne bayyana illa: shin kayan karatu kawai yake yi, ko yana goge bayanai, ko yana kashe kuɗi? Na huɗu kuma saƙon kuskure ne. Saƙon da ya faɗi abin da ya lalace yana bai wa wakilin damar gyarawa, saɓanin wanda ya dawo da lamba tsura.

Gwaji shi ne alƙali

Rubutu na iya yi wa ɗan Adam kyau amma ya rikita na'ura. Shi ya sa masana ke tara ayyuka irin na zahiri, su bai wa wakilin, su ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, ya cika bayanai daidai, ya kuma kammala aikin. Daga nan a sauya rubutun, a maimaita gwajin, a kwatanta sakamako. Ana kuma ware wasu ayyuka da ba a yi gyaran da su ba, domin a tabbatar cewa ci gaban na gaske ne.

A wani rubutu da ya wallafa a Disamban 2024, Anthropic ya ce wakilinsa na rubuta manhaja ya riƙa kuskuren adireshin fayil bayan ya sauya babban fayil ɗin da yake aiki a ciki. Da aka gyara kayan ya riƙa neman cikakken adireshi, matsalar ta kau.

Haɗarin da ke ɓoye

A Afrilun 2025, kamfanin tsaro na Invariant Labs ya nuna cewa ana iya cusa umarni na ɓoye a cikin bayanin kayan aiki. Wakilin na karanta umarnin ya bi, alhali mai amfani da manhajar ba ya ganin cikakken rubutun. A gwajin da kamfanin ya yi, an kwashe bayanan sirri ta wannan hanya. Saboda haka tantancewa ta haɗa da karanta rubutun gaba ɗaya da sa ido a kan duk sauyin da aka yi masa bayan an amince da shi.

Abin da ya shafi ɗan ƙasa

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bai wa mutum haƙƙin ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke idan zai yi masa babban tasiri, in ban da wasu keɓaɓɓun yanayi. Duk banki ko ma'aikatar da ta ɗora wa wakili aikin da ya taɓa kuɗi ko bayanan jama'a, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa daga gare ta: wa ya rubuta bayanin kayan aikin, wa ya gwada shi, da waɗanne ayyuka, kuma wa zai ɗauki alhaki idan wakilin ya yi kuskure?